Masu liƙa wa motoci sitika a Gombe: Nawa ne ladan da ya dace?

Duk wanda ya ɗan tsaya a bakin Titin Bauchi ko Titin Biu a birnin Gombe zai lura da yadda motoci suka koma allunan talla masu tafiya. Ga bas-bas na ɗaukar ɗalibai ɗauke da sunayen makarantunsu, ga a-kori-kurar masu ruwan leda da ta gidajen burodi, ga motocin asibitoci da na ƙungiyoyin agaji, ga kuma Keke Napep da aka ƙawata bayansa da hoton malami, ko na mawaƙi, ko na ɗan siyasa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hotuna da rubuce-rubuce, wani ne ya durƙusa ya liƙa shi da hannunsa. Sai dai idan aka tambayi nawa ake biyan wannan hannu, da wuya a sami mutum biyu da za su ba da amsa ɗaya.

Sana'ar ba ta da tsayayyen farashin da kowa ya sani. Aiki iri ɗaya, a kan mota iri ɗaya, yana iya tashi a kuɗi uku mabambanta tsakanin Jekadafari da Pantami da Tudun Wada, gwargwadon ƙarfin bakin mai mota da kuma matsuwar mai aiki a ranar. Wannan rashin ma'auni yana cutar da ɓangarorin biyu. Mai liƙawa yakan karɓi ladan da bai kai wahalarsa ba don gudun kada aikin ya wuce shi, shi kuma mai mota yakan yi murnar samun araha, kafin damina ta zagayo ya ga gefen sitikar ya fara ɗagowa.

Daga buroshi zuwa leda

Ƙawata mota tsohuwar al'ada ce a wannan yanki. Tun zamanin da gingimari masu bodin katako ke jigilar auduga da gyaɗa da hatsi daga Gombe zuwa Jos da Kano, akwai masu fenti da suka ƙware wajen zana zaki da gaggafa da furanni a jikinsu, tare da rubuta addu'a ko karin magana a goshin mota. A wancan lokaci ciniki mai sauƙi ne, domin mutum ɗaya ne ke tsara zanen, shi ne ke sayen fenti, shi ne kuma ke shafawa. Mai mota ya san da wa yake magana, ya kuma san wanda zai tuhuma idan aiki ya ɓaci.

Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi a ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin ya zama fadar gwamnati. Ma'aikatu da bankuna da makarantu masu zaman kansu suka yawaita, kuma kowannensu na son tambarinsa ya fito a jikin motarsa daidai da yadda yake a takarda, ba tare da bambancin launi ko na harafi ba. Wannan buƙata ce ta buɗe wa kwamfuta da manyan injinan ɗab'i ƙofa, leda mai danƙo ta maye gurbin buroshi a mafi yawan ayyuka.

Da wannan sauyi aikin ya rabu gida uku. Akwai mai tsara zane a kwamfuta, akwai mai injin da ke buga shi a kan leda, sannan akwai mai liƙawa. Na farko da na biyu galibi suna da shago ko ofis, suna da allon suna, su ne kuma ke karɓar kuɗi daga hannun mai mota. Na ukun kuwa sau da yawa mai zaman kansa ne, ba ya cikin albashin kowa. Jakarsa ce shagonsa, waya ce ofishinsa, duk madaba'ar da ta sami aiki sai ta kira shi. Abin da ya rage bayan an cire kuɗin leda da tawada da ribar shago, shi ake miƙa masa, alhali kuwa a hannunsa ne aikin zai yi kyau ko ya lalace.

Abin da ke cikin aikin

Mutane da yawa na ɗaukar cewa liƙa sitika bai wuce a ɓare takardar baya a manna ba. Gaskiyar magana ita ce, mannawar ita ce mataki na kusa da ƙarshe. Sai an wanke motar sarai, an bar ta ta bushe, an bi ta da sifirit don cire maiƙo da ragowar man goge fenti, musamman a gefunan ƙofofi da ramukan jiki inda datti ke maƙalewa. A aiki mai kyau akan kwance hannun ƙofa da tambarin kamfani da wasu fitilu, don ledar ta shige ƙarƙashinsu. Bayan an manna, sai a bi lunguna da wuraren da aka ja ledar da na'urar hura zafi, har zafin ya kai kusan digiri 90, domin ta manta da siffarta ta asali ta zauna a sabuwar. Wanda ya tsallake wannan mataki ya rage wa kansa sa'o'i, amma ledar za ta janye jikinta cikin 'yan makonni.

Ita kanta ledar iri-iri ce, kuma a nan ne akasarin rigima ke farawa. Akwai wadda ake yi ta hanyar zuba narkakkiyar roba, siririya ce, tana bin lanƙwasar mota ba tare da ta koma ba. Irin wannan ce kamfanoni kamar 3M da Avery Dennison da Orafol, masu Oracal, ke yi musamman don naɗe mota, kuma tana da tsada. Akwai kuma wadda ake murzawa tsakanin manyan ƙarafa har ta baje, ta fi kauri, ta fi araha, ta dace da shimfiɗaɗɗen wuri kamar allo ko gefen motar kaya, amma tana tsukewa idan rana ta dake ta. Ga kuma ledar kariya da ake shimfiɗawa a kan abin da aka buga, wadda ke kare launi daga koɗewa. Tawadar manyan injina na buƙatar kwana ɗaya zuwa biyu ta sha iska kafin a rufe ta da wannan kariya. Mai gaggawar da ya ce a buga da safe a liƙa da yamma, shi ya jawo wa kansa matsala, amma mai liƙawa ake zargi idan ta taso.

Yanayin Gombe ma yana da nasa hukunci. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, ƙarfen motar da ke rana yakan yi zafin da leda za ta yi laushi ta miƙe tun kafin a daidaita ta, danƙon kuma ya kama nan take. A hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, ƙwaya ɗaya da ta shiga ƙarƙashin leda sai ta fito kamar ƙurji. Kamfanonin da ke yin ledar da kansu suna rage yawan shekarun da suke ba da tabbaci a kai a ƙasashe masu zafin rana, suna kuma ƙara ragewa ga rufin mota da murfin inji, waɗanda ke kallon sama. Saboda haka aikin da aka yi a rufaffen wuri mai inuwa ya bambanta da wanda aka yi a gindin bishiya a bakin tasha, kuma samun irin wannan wuri kuɗi ne.

Tsadar da ta hau kan kowa

Kusan duk kayan wannan sana'a daga waje ake shigo da su, su sauka a Legas, inda unguwanni irin su Shomolu da Mushin suka shahara da harkar ɗab'i, kafin su iso Arewa ta hannun dillalai. Da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira a kasuwar canji a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga kusan Naira 460 a farashin gwamnati, ta haura 1,500 a farkon 2024. Kafin nan da makonni kaɗan, a ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200, har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024.

Mai injin ɗab'i yana da hujjar da zai nuna wa abokin ciniki, domin farashin naɗin leda a bayyane yake. Mai liƙawa ba shi da irin wannan takarda. Idan kuɗin kaya ya ƙaru kuma mai mota ya ƙi ƙara abin da ya ware, wurin da aka fi sauƙin matsewa shi ne ladan hannu. Alhali shi ma tsadar ta same shi. Na'urar hura zafi na jan wuta tsakanin wat 1,500 zuwa 2,000, abin da ƙaramin janareta ba zai iya ɗauka ba. Lokacin da aka lalata turakun babban layin wutar Jos zuwa Gombe a watan Afrilun 2024, garin ya shafe makonni cikin ƙarancin wuta, duk mai sana'ar da ke dogaro da lantarki ya koma sayen fetur. Ga reza da sifirit da tef da kuɗin abin hawa, waɗanda duk daga aljihunsa suke fita.

Hanyoyi uku na yanke farashi

Hanya ta farko ita ce lissafi da ƙafa murabba'i, wadda aka aro daga masu ɗab'i. Tana da kyau ga shimfiɗaɗɗen wuri, kamar gefen motar kaya mai akwati, domin kowa na iya ɗaukar tef ya auna. Aibinta shi ne tana daidaita abin da bai daidaita ba. Ƙafa goma a kan bamba mai lanƙwasa da ramuka na iya cin lokacin da ƙafa hamsin za su ci a gefen tirela.

Hanya ta biyu ita ce jinga, wato a yanke kuɗi dunƙule a kan mota guda. Ita aka fi sabawa da ita, kuma tana ba mai mota kwanciyar hankali. Haɗarinta yana kan mai aiki, idan bai duba motar da kyau ba kafin ya sallama. Tsohuwar sitikar da rana ta gasa shekara uku tana iya cin yini guda kafin a kankare ta da danƙonta. Fentin da fanel bita ya yi bai daɗe ba, ko wanda aka shafa a kan tsatsa, yana iya biyo leda ya kwaile. Duk waɗannan ya kamata a gan su, a faɗe su, a sa musu kuɗinsu daban tun kafin a fara.

Hanya ta uku ita ce ladan yini, wadda ta fi dacewa da aiki mai yawa, kamar a ce kamfani ya kawo motoci goma, ko aikin yana Kumo ko Kaltungo ko Bajoga, inda sai an yi tafiya an kuma kwana. A nan kuɗin mota da abinci da masauki suna kan wanda ya kira, ba a cikin lada za a cire su ba.

Ko wace hanya aka bi, akwai lissafin da zai nuna ko farashin ya yi adalci. A ɗauki misalin doguwar Toyota Hiace, wadda tsawonta ya kusa mita biyar da rabi. Gefe biyu da baya da gaba, ban da rufi, za su ba da kimanin mita murabba'i 23, wato kusan ƙafa murabba'i 250, tun da mita murabba'i ɗaya ƙafa 10.76 ce. Sai a ƙara wajen kashi 15 cikin 100 na ledar da za ta tafi a yanka da gefe. Aikin, idan za a yi shi yadda ya kamata, zai ɗauki ƙwararre da yaronsa kamar kwana biyu.

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, bisa dokar da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, Naira 70,000 ne a wata. Mai albashi yana karɓa ko da aiki ko babu. Mai zaman kansa kuwa sai ranar da waya ta yi ƙara. Idan aka ƙaddara yana samun aiki kwana 12 a wata, sai ya sami kusan Naira 5,800 a kowace rana kafin ya yi daidai da ma'aikaci mafi ƙanƙanta, wanda bai sayi kayan aiki da kuɗinsa ba. Idan aka ba yaron 6,000 a yini, aka ba ƙwararren ninkinsa, ladan kwana biyu ya kama 36,000. A ƙara kamar 10,000 na fetur da reza da sifirit da zirga-zirga, ya zama 46,000, wato kimanin Naira 185 a kowace ƙafa murabba'i. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, kowa zai iya sauya su da nasa. Amfaninsu shi ne su nuna inda ƙasa take. Duk tayin da ya faɗo ƙasa da irin wannan lissafi, to wani abu ne za a rage, ko wanki, ko gashi, ko haƙƙin yaro.

Idan aiki ya ɓaci, wa zai biya?

Wannan ita ce tambayar da aka fi kauce wa a lokacin ciniki, ita ce kuma ke kai mutane gaban mai unguwa ko ofishin 'yan sanda. Ledar da aka riga aka buga ba ta da gyara. Idan faifai ɗaya ya yage ko ya karkace, sai an sake buga shi, kuma kuɗin bugun na iya fin ladan aikin gaba ɗaya. Reza ma na iya ratsa leda ta yanki fentin sabuwar mota.

Malaman fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake karantarwa a zaurukan Gombe, sun daɗe da yin bayani a kan wannan. A babin ijara sun shardanta cewa aikin da ladan su kasance sanannu tun farko, domin jahiltar ɗayansu na buɗe ƙofar husuma. Sun kuma yi hukuncin cewa mai sana'ar da ya buɗe kansa ga jama'a yana lamunin kayan da aka ba shi ya keɓe da su, sai fa idan an sami shaidar cewa sun lalace ba da sa hannunsa ba, yayin da wanda ya yi aikin a gidan mai kaya ko a gabansa ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Darasin da ke ciki a fili yake. Wanda aka ɗora wa lamuni, dole a ga alamar wannan nauyi a cikin ladansa. Ba daidai ba ne a biya mutum kamar ɗan dako, sannan a tuhume shi kamar ɗan kwangila.

Adalci shi ne a raba alhaki gwargwadon hannun kowa. Kuskuren rubutu ko na launi yana kan mai zane da wanda ya amince da shi. Leda maras inganci tana kan wanda ya zaɓe ta. Kumbura da karkata da ɗagowar gefe, idan ledar mai kyau ce kuma fentin lafiyayye ne, suna kan mai liƙawa, kuma ya kamata ya yi alƙawarin gyara su kyauta na wasu watanni da za a ambata. Ɗaukar hoton motar da waya ta kowane ɓangare kafin a taɓa ta yana kashe rabin gardama.

Kakar siyasa da cin bashi

Babu lokacin da masu wannan sana'a ke samun aiki kamar gabanin zaɓe. A kakar 2023 motocin yaƙin neman zaɓe sun cika gari, kuma da ƙaratowar 2027 haka za a sake gani. To amma kakar da ta fi kawo aiki ita ce ta fi barin bashi. Kwangilar kan biyo ta hannu uku ko huɗu, kowa ya cire la'adarsa, kafin ta iso ga wanda zai kwana yana liƙawa da fitila. Ana kuma son aikin cikin gaggawa, domin gangami gobe ne. Idan ɗan takara ya faɗi, neman ciko ya zama wahala, idan ya ci kuma ganinsa ya yi wuya.

Maganin wannan ba boyayye ba ne. Aikin gaggawa da na dare suna da ƙarin kuɗi a kowace sana'a. Kafin alƙalami na aƙalla rabin lada ya kamata ya shiga hannu kafin a ɓare leda, cikon kuma a biya shi kafin motar ta bar wurin. Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Haka nan wanda aka yi wa askin, shi ma dole ya biya ladan.

Abin da ba na mai liƙawa ba

Akwai wasu kuɗaɗen da mai mota kan ɗauka suna cikin farashi, alhali nauyinsa ne shi kaɗai. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya kula da tallace-tallacen waje cikin ayyukan ƙananan hukumomi, don haka motar da ke ɗauke da talla tana iya fuskantar masu karɓar harajin talla a kan hanya. Sanya wa gilashi baƙar leda kuma yana ƙarƙashin wata doka ta 1991, wadda ta shardanta izinin 'yan sanda. Haka nan jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ba za su ƙyale motar da aka rufe mata lamba ko fitila ko gilashin gaba ba. Mai sana'a na gari zai faɗa wa abokin cinikinsa waɗannan tun farko, ya kuma ƙi liƙa abin da zai tare wa direba gani, ko da an yi masa tayin ƙari.

Takarda ɗaya ta isa

Gyaran wannan harka bai buƙatar sabuwar doka ko sabuwar hukuma. Abin da ya fi gaggawa shi ne a raba rasit gida uku, kuɗin zane daban, kuɗin leda da ɗab'i daban tare da sunan ledar, ladan liƙawa daban. Da zarar mai mota ya ga abin da ke isa hannun mai aiki, zai san ko araha ya samu ko kuwa an rage masa inganci ne. A ƙarƙashin wannan sai a rubuta girman wurin da za a rufe, da ranar gamawa, da wurin da za a yi aikin, da kuɗin cire tsohuwar sitika idan akwai, da tsawon lokacin garanti. Saƙon WhatsApp da ɓangarorin biyu suka amince da shi ya fi dogon alƙawarin baki.

Su ma masu sana'ar akwai abin da ya rage gare su. Teloli da kafintoci da makanikai a Gombe suna da ƙungiyoyin da ke sasanta rikici da kuma tsawata wa mai karya farashi ko mai ha'inci. Masu liƙa sitika za su amfana da irin wannan haɗin kai, ko da a ce iyakarsa su amince da mafi ƙarancin lada na Keke Napep da ƙaramar mota da bas da motar kaya, su riƙa sabunta shi idan kasuwa ta motsa, su kuma tsayar da abin da yaro mai koyo zai samu a kowane aiki. Matasa da dama na shigowa sana'ar saboda ba ta buƙatar babban jari, kuma irin ladan da suka tarar ana biya shi zai yanke ko za su tsaya su ƙware ko za su koma neman wani abin.

Ga mai makaranta ko mai gidan burodi da ke shirin kai motarsa, tambayoyi uku sun wadatar kafin ya yi tayi: wace leda za a sa, a ina za a yi aikin, kuma nawa ne zai shiga hannun wanda zai liƙa. Motar za ta yi shekaru tana yawo da sunansa tsakanin Tashar Dukku da Babbar Kasuwa, kuma jama'a za su riƙa auna kasuwancinsa da abin da suka gani a jikinta.